In Alƙali Ya Ce A'a: Tarihin Sakin Talala da Ɗaukaka Ƙara

Kowa ya san talala. Ita ce doguwar igiya da ake ɗaura ma doki ko akuya. Dabba tana yawo, tana kiwo, amma ba ta wuce tsawon igiyar. Daga nan ne anka samo maganar sakin talala a wajen shari'a. Mutum ne ake tuhuma da laifi, ba a kai ga yanke mishi hukunci ba. Sai alƙali ya bar shi ya koma gida, bisa alkawarin duk ranar da anka kira shi zai zo. Maƙwabtanmu na Najeriya suna ce ma wannan abu beli. Kalma ce ta Ingilishi da ta shigo Hausa.

In laifin ƙarami ne, abin bai cika wuya ba. In kuwa babba ne, kamar kisan kai, ko fashi, ko cin amanar ƙasa, sau da yawa alƙali yakan ce a'a. To, in ya ce a'a, magana ta ƙare ke nan? Ba ta ƙare ba. Akwai wasu alƙalai sama da shi, waɗanda za a iya kai ma kuka su sake duba maganar. Wannan shi ake ce ma ɗaukaka ƙara.

Wannan ƙofa ba ta buɗe da kanta ba. Mutane ne sunka yi ta tura ta shekara da shekaru, har wasu sunka mutu cikin kaso kafin ta buɗe. Ga yadda abin ya faru a ƙasar Ingila, inda anka fi yin gwagwarmaya a kanshi, da yadda ya iso gare mu.

Doka mai rami

Ingila ƙasa ce ta Turai, bisa wani babban tsibiri, arewa da Faransa. Babban birninta Landan. Cikin shekara ta 1215, manyan ƙasar sunka taru, sunka tilasta ma sarkinsu, Sarki Jon, ya sa hatiminshi bisa wata takarda. Ana kiranta Magna Karta, wato Babbar Takarda. A ciki sarki ya yi alkawari ba za a kama ɗa a kulle shi ba, sai ta hanyar shari'a da dokar ƙasa.

A wancan zamani alƙalan sarki yawo suke yi daga gari zuwa gari. Mutum yakan daɗe a kulle yana jiran isowarsu. Wakilin sarki na yanki shi ke da ikon sakin mutum ko riƙe shi. Wasu wakilan sunka maida abin kasuwa. Mai kuɗi ya fita ko da ya yi kisa, talaka ya zauna ko da laifinshi bai taka kara ya karya ba.

Domin gyaran wannan, cikin 1275 Sarki Edwad na ɗaya ya yi doka. Ta jera laifukan da za a iya sakin mai su, da waɗanda ba za a iya ba. Cikin waɗanda ba a saki akwai wanda ake tuhuma da kisan kai, da mai ƙona gida, da mai buga kuɗin jabu. Akwai kuma wanda anka kama da umurnin sarki. Ku riƙe wannan na ƙarshe da kyau. Shi ne ramin da ke cikin dokar, kuma bayan shekara 350 mutane sunka faɗa cikinshi.

Rancen dole

Cikin 1625 Calas na ɗaya ya hau gadon sarautar Ingila. Ya shiga yaƙi da Sipaniya, daga baya da Faransa. Yaƙi kuwa sai da kuɗi. Al'adar ƙasar ita ce, sarki ba ya aza sabon haraji sai da yardar majalisa, inda manyan ƙasa da wakilan garuruwa ke zama. Majalisa ta ƙi ba shi abin da yake so. Cikin 1626 ya kore ta.

Sai ya fito da dabara. Ya ce ba haraji yake karɓa ba, rance ne. Amma rance ne na dole, kuma kowa ya san ba za a biya ba. Babban alƙalin ƙasa, Randol Kuru, ya ƙi yarda cewa rancen yana bisa doka. Sarki ya tuɓe shi, ya naɗa wani mai suna Nikolas Haid. Masu hali sama da 70 sunka ƙi biya, anka kulle su. Ba a kai su gaban alƙali ba, ba a kuma gaya musu laifin da anka rubuta musu ba.

Mutum biyar sun kai ƙara

Cikin watan Nuwamba 1627, biyar daga cikinsu sunka ce ba za su yi shiru ba. Sunayensu Tomas Darnel, Jon Korbet, Walta Erl, Jon Hebeningam da Edmon Hamden. Sunka nemi babbar kotun sarki ta ba su wata takarda da lauyoyi ke kira habiyas kofus da harshen Latin. Mu sai mu ce da ita takardar kawo mutum. Aikinta shi ne, alƙali ya umurci mai tsaron kaso ya kawo ɗan kaso gabanshi, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ake riƙe da shi. In dalilin bai kai ba, alƙali ya sake shi, ko ya ba da belinshi.

Anka aika takarda. Amsar da ta komo gajera ce: an kulle su ne da umurnin sarki na musamman. Babu wani laifi da anka ambata.

Lauyoyinsu sunka tashi. Cikinsu akwai Jon Selden, masanin tsofaffin dokoki. Sunka tuna ma kotu alkawarin 1215. Sunka ce, in ba a faɗi laifi ba, ba za a yi shari'a ba. In ba a yi shari'a ba, ba ranar fita. Ashe wanda ake tuhuma da sata ya fi su gata, tun da shi ya san ranar da za a saurare shi. Abin da sunka roƙa bai da yawa: a ba da belinsu har sarki ya kawo ƙararshi.

Babban lauyan sarki, Robat Hit, ya amsa. Ya ce sarki yana da asirin mulki da ba kowa ya kamata ya ji ba. Wata rana ana binciken makirci, in an faɗi dalili masu laifi su gudu. Ya kuma nuna dokar nan ta 1275, wadda ta hana belin wanda anka kama da umurnin sarki.

Alƙalai sunka ƙi ba da beli. Anka maida mutanen kaso. A lokacin babu wata kotu da za su ƙara kai ma kuka.

Majalisa ta karɓi maganar

Kuɗin rance bai isa ba. Dole sarki ya sake kiran majalisa. Domin ya sanyaya zukata, cikin Janairu 1628 ya saki waɗanda sunka ƙi biya. Da anka yi zaɓe, jama'a sunka zaɓi da dama daga cikinsu.

Majalisa ta zauna cikin watan Maris. Wakilai sunka ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa ma naka ruwa. Abin da anka yi ma mutum biyar, gobe ana iya yi ma kowa. Wani tsohon alƙali, Edwad Kuk, mai shekara 76, ya shige gaba. Sunka rubuta takardar koke mai buƙata huɗu. Kada a karɓi haraji ko rance ba da yardar majalisa ba. Kada a kulle mutum ba tare da an nuna dalili ba. Kada a sauke sojoji gidajen mutane da ƙarfi. Kada a yi ma farar hula shari'ar soja.

Sarki ya fara ba da amsa mai harshen damo. Majalisa ta ƙi karɓa, ta kuma riƙe kuɗin da yake jira. Ranar 7 ga watan Yuni 1628 ya amince. Anka buga ƙararrawa a Landan, anka hura wuta bisa tituna don murna.

Murnar ba ta daɗe ba. Cikin Maris 1629 sarki ya sake korar majalisa, ya sa anka kama wakilai tara. Cikinsu har da Selden, lauyan nan, da wani mai baki, Jon Eliyot. Wannan karon anka ce za a ba da belinsu, amma sai sun kawo masu tsaya musu cewa za su gyara halinsu. Sunka ga yarda da wannan sharaɗi kamar amsa laifi ne, sunka ƙi. Eliyot ya kamu da ciwo, ya mutu cikin kason Hasumiyar Landan a 1632. Ɗanshi ya roƙi gawa ya kai gida, sarki ya hana. Wasu biyu ba su fito ba sai 1640.

Sarki ya yi shekara 11 yana mulki ba majalisa. Da ta komo, cikin 1641 ta yi doka: ko sarki da kanshi ya sa anka kulle mutum, yana da ikon neman takardar kawo mutum, kuma kotu ta duba dalilin cikin kwana uku na zamanta. Rigima tsakanin sarki da majalisa ta kai ga yaƙin basasa a 1642. Majalisa ta ci, anka kashe Sarki Calas cikin Janairu 1649.

Sababbin dabaru

Cikin 1660 ɗanshi, Calas na biyu, ya karɓi sarauta. Yanzu doka ta ce a faɗi dalili. Sai masu mulki sunka nemo wasu hanyoyi. Wani lokaci a yi ta sauya ma mutum gidan kaso, takarda ta zo ta tarar ba ya nan. Wani lokaci a kai shi wani tsibiri mai nisa, inda takardar alƙali ba ta isa. Wani lokaci mai tsaron kaso ya ajiye takarda ta farko da ta biyu, sai ta uku zai motsa.

Akwai kuma hutun kotu. Manyan kotuna suna zama sau huɗu ne a shekara, tsakani kuwa hutu. Cikin watan Yuni 1676 wani ɗan kasuwa mai saida yadi, Faransis Jenkis, ya tashi a taron birnin Landan ya ce a roƙi sarki ya kira sabuwar majalisa. Anka kulle shi. Ya nemi beli wajen babban alƙali, anka ce kotu tana hutu. Ya je wajen wani babba, shi ma ya ƙi. Ya share makonni da yawa a kaso kafin a sake shi, alhali magana kawai ya yi.

Dokar 1679

Cikin watan Mayu 1679 majalisa ta yi dokar da ta toshe waɗannan ramuka ɗaya bayan ɗaya. Ga abin da ta ce.

Ana iya neman takardar kawo mutum ko kotu tana hutu. Alƙalin da ya hana ta ba bisa doka ba, zai biya ɗan kason fam 500. Wannan dukiya ce mai yawa. Leburan gona na wancan zamani ba ya tara ta ko ya yi shekara 20 yana aiki.

Mai tsaron kaso zai kawo mutum cikin kwana 3 in wurin bai wuce kilomita 32 ba, kwana 10 in bai wuce kilomita 160 ba, kwana 20 in ya fi haka. In ɗan kaso ya nemi kofen takardar da anka kulle shi da ita, a ba shi cikin awa 6. Mai tsaron da ya ƙi, tarar fam 100. In ya sake, fam 200, kuma ya rasa aikinshi. An hana kai ɗan kaso ƙetaren teku. An hana sake kama wanda kotu ta saka a kan laifi guda.

To, masu manyan laifuka fa? Dokar ba ta ce a sake su nan take ba. Amma ta sa ma gwamnati wa'adi. Wanda ake tuhuma da babban laifi ko cin amanar ƙasa yana iya roƙon a yi mishi shari'a. In zaman kotu na gaba ya wuce ba a gabatar da ƙararshi ba, a ba da belinshi, sai fa in an rantse cewa shaidun gwamnati ba su samu zuwa ba. In zama na biyu ya wuce ba a yi shari'a ba, a sallame shi. Nauyin laifi yana iya sa a riƙe mutum, amma ba ya sa a manta da shi.

Rami ɗaya ya saura. Alƙalin da ke son faranta ma sarki sai ya ce ya ba da beli, amma ya yanka kuɗin da ba mai iya biya. Cikin 1688 anka kori Sarki Jemis na biyu. Cikin 1689 majalisa ta rubuta a doka cewa kada a nemi kuɗin beli da ya wuce kima. Amurka ta ɗauki wannan magana ta sa cikin tsarin mulkinta a 1791. Daga ƙarar mutum biyar zuwa dokar 1689, shekara 62 ke nan.

Yadda abin ya iso gare mu

Najeriya ta gaji tsarin shari'ar Ingila. Shi ya sa a Kano ko Katsina, in laifin na hukuncin kisa ne, ƙaramar kotu ba ta ba da beli, sai alƙalin babbar kotu. In shi ma ya hana, ana iya zuwa kotun ɗaukaka ƙara.

Mu a Nijar tsarin Faransa munka gada, kuma ita ma ta bi tata doguwar hanya. Dokar da anka yi zamanin Nafoliyon, cikin 1808, ta hana sakin talala ga duk wanda ake tuhuma da babban laifi. Sai cikin 1865 anka gyara, anka ba alƙali mai bincike ikon yin sakin talala ko wane irin laifi ne, in ya ga ya dace.

Amma wannan gata bai iso ga kakanninmu da wuri ba. Zamanin Nasara akwai dokar da ake kira andijena. Kwamandan yana iya kulle talaka har kwana 15, ba alƙali, ba lauya, ba inda zai kai kuka. Umurnin kwamandan ya isa, kamar yadda umurnin sarki ya isa a Ingila cikin 1627. Ba a kashe wannan doka ba sai 1946.

Nijar ta samu mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Cikin Agusta 1961 ta yi tata dokar da ta tsara yadda ake bin shari'ar laifuka, an kuma yi mata gyare-gyare daga baya. Cikin 1986 ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966, wadda ta ce kulle mai jiran shari'a bai kamata ya zama shi ne al'ada ba, kuma duk wanda anka kulle yana da ikon kotu ta duba ko kullewar tana bisa doka.

Da yawa daga cikinku sun ji labarin Hama Amadu, tsohon shugaban majalisar dokoki. An kama shi cikin Nuwamba 2015, anka kai shi kason Filinge. Lauyoyinshi sunka nemi sakin talala. Cikin Janairu 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ƙi. Sunka sake nema, a ƙarshen Maris ta yarda. Kowa da ra'ayinshi a kan siyasar wancan lokaci, amma hanyar da sunka bi, ita ce doka ta buɗe ma manomi da makiyayi.

Abin da ya kamata mu riƙe

In an kulle ɗan'uwanku kafin shari'a, ku san abubuwan nan.

Shi da kanshi, ko lauyanshi, yana iya neman sakin talala wajen alƙalin da ke riƙe da maganar. Ana iya nema ko wane lokaci, ana kuma iya sakewa in an hana.

Alƙali yana auna abubuwa kafin ya amsa. Mutumin zai gudu? Zai tsorata shaidu ko ya ɓoye shaida? Zai sake aikata laifin? Fitarshi za ta tada hankalin gari, ko ta sa ranshi cikin haɗari? Saboda haka roƙo da kuka kaɗai ba su isa ba. A nuna inda yake zaune, da gonarshi, da iyalinshi, da takardar likita in ba ya da lafiya.

In alƙali ya hana, yana rubuta dalilinshi. A nemi sanin abin da takardar ta ce, domin a kan wannan dalili ne za a kai kuka gaba. Alƙalan kotun ɗaukaka ƙara, kamar ta Yamai ko ta Damagaram, su ke sake dubawa. Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne, na ƴan kwanaki. Kada a tsaya jiran ranar kasuwa. A tambayi magatakardan kotu tun ranar da anka ji amsa. Matambayi ba ya ɓata.

In an ce a ajiye kuɗi, a kotu ake biya, a kuma karɓi rasit. Duk wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce ku ba shi kuɗi ya gyara muku, ku yi hattara da shi. Wanda ba ya da halin ɗaukar lauya, ya tambaya a kotu ina masu taimakon marasa hali suke. Tun 2011 anka kafa hukuma don wannan aiki.

Wanda anka saka kuma ya tuna igiya tana nan. Sakin talala ba wankewa ba ne, shari'a tana gaba. In an kira shi ya ƙi zuwa, za a sake kama shi, kuma ya ɓata ma na bayanshi hanya. Dangin wanda anka cuta su ma su gane: ganin mutumin a gari ba ya nufin an yafe mishi. Ranar hukunci ake jira.

Mutum yana iya shiga kaso kafin shuka, a yi girbi biyu ba a yanke mishi hukunci ba. Daga baya a ce ba shi da laifi. Wa zai maida mishi daminar da ta wuce, da gonar da ta zama fako? Alƙali mutum ne, yana iya kuskure. Shi ya sa mutanen da munka ba ku labarinsu sunka nace a kan abu biyu: a rubuta dalilin kulle mutum, a kuma samu wani alƙali na biyu da zai karanta shi. Jon Eliyot ya mutu bai ga wannan ba. Mu mun tarar da ƙofar a buɗe. Sai mu san inda take, mu kuma nuna ma wanda bai sani ba.